Ruwa ba ya tsami banza: fashin baƙi kan fadamar Viru ta ƙasar Istoniya

Idan ka bar Talin, babban birnin ƙasar Istoniya da ke arewacin Turai, ka kama hanyar Narva ka nufi gabas, tafiyar kilomita kamar 50 za ta kawo ka mararrabar da ke karkata zuwa garin Loksa. Nan kusa ake ajiye mota. Ba ƙofa, ba mai yankan tikiti, ba mai tambayarka daga ina. Allo ne kawai mai taswira, sai 'yar hanya da ta kutsa cikin dajin bishiyar fayin, dogaye miƙaƙƙu kamar turakun lantarki, ƙasa kuma rairayi. Kana cikin tafiya sai ka lura bishiyoyin sun fara gajarta, kamar wani ya jera su daga babba zuwa ƙarami, har su dawo tsawon mutum. Daidai nan rairayi ke ƙarewa, katako ya karɓe shi. Daga nan gadar katako ce shimfiɗe a ƙasa, ta yi ta lanƙwasa cikin wani fili mai launin ja da kore da ruwan ƙasa, ga kududdufai baƙi ƙirin nan da can. Sunan wurin Viru raba, yana cikin gandun dajin Lahemaa. Tsawon hanyar da ta ratsa shi kilomita 3.5 ne, wanda ya zagayo ta daji ya dawo inda ya faro kuma ya yi kamar 6.

Matsalar farko da Bahaushe zai ci karo da ita a nan ta suna ce. Baki zai yi saurin cewa fadama, ni ma da ita na yi wa rubutun nan kai don ba mu da wata. Amma fadama a wurinmu ƙasar albarka ce. Kogi ne ke tumbatsa ya kwanto mata laka, rani ya yi a shuka albasa da tumatur da rake, a yi rigima a kanta tsakanin manomi da makiyayi saboda kowa ya san darajarta. Raba, sunan da 'yan Istoniya ke ba irin wannan wuri, kishiyar wannan ce. Ruwa ya yi mata yawa, amma yunwa take ji. Ka shuka masara a cikinta ko tsiro ba za ka gani ba. Babu kogin da ke shigarta, babu idon ruwan da ke ciyar da ita daga ƙasa, abincinta kaf daga sama yake saukowa: ruwan sama, dusar ƙanƙara, hazo, da 'yar ƙurar da iska ta kwaso. Sunan ma ya so ya yi wasa da kunnen Bahaushe, don da za ka ɗan lanƙwasa harafin tsakiya ka ce raɓa, da ba ka yi nisa da gaskiyar wurin ba. Duk abin da ido zai gani daga kan katakon nan, daga tsumburarrun bishiyoyi zuwa ciyawar da ke cin ƙuda, wannan yunwar ce ta haife shi.

To ta yaya ƙasa ke zama haka? Ruwan saman da Istoniya ke samu a shekara yana tsakanin milimita 550 zuwa 800, wato bai wuce abin da Kano ke samu a damina mai kyau ba. Bambancin yana ga rana. Mu a nan abin da sama ta zubar a watanni huɗu, rana da iskar hunturu sun kwashe shi kafin bazara ta zagayo. Can kuwa sanyi ya hana ruwa tashi, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ba gangaren da zai ja shi da sauri zuwa teku. Abin da ke sauka ya fi abin da ke fita. Shekaru dubu goma sha wani abu da suka wuce, ƙanƙara mai kaurin gaske ce ta lulluɓe yankin baki ɗaya. Da ta narke ta ja baya, sai ta bar ramuka da tafkuna marasa zurfi, ta kuma bar manyan duwatsun da ta turo daga Finlan, irin su Majakivi da ke cikin Lahemaa, mai tsayin mita 7, zaune shi kaɗai a tsakiyar daji kamar an manta da shi.

Tafkunan nan ne mafarin labarin. Ciyayin ruwa suka yi ta tsirowa suna mutuwa suna kwantawa a ƙasa, har tafki ya cike ya koma dausayi. Wannan mataki na farko 'yan ƙasar na ce masa madalsoo, shi ne ya fi kama da fadamarmu, don har lokacin saiwoyi na taɓa ruwan ƙasa mai ɗauke da gishirin ma'adinai. Amma tarin matattun ciyayin bai daina hawa ba. Wata rana ya yi tudun da saiwa ba ta iya kai wa ga ruwan ƙasa, sai ciyayi masu son ƙoshi suka mutu, filin ya koma hannun wanda ya iya zama da yunwa. Nan ne sarauniyar wurin ta shigo, wata irin gansakuka da masana ke kira sifagnum.

A kan wannan gansakuka ya kamata a tsaya, don ita ce maginin, ita ce kuma ginin. Ba ta da saiwa. Kanta na tsirowa sama, gindinta na mutuwa a ƙasa, a lokaci guda. Jikinta cike yake da ƙananan ɗakuna fanko da ke riƙe ruwa kamar soso, har takan ɗauki ruwan da ya ninka nauyinta idan ta bushe sau ashirin. Ka damƙi dunƙule ɗaya ka matse, ruwa zai yi ta zuba ta tsakanin yatsunka kamar ka matse tsumma. Sannan tana da wata dabara ta mugunta: duk ɗan ma'adinin da ruwan sama ya kawo, takan zuƙe shi, ta mayar wa ruwan da tsami a madadinsa. A ma'aunin tsami, ruwan raba yakan tsaya kusa da 4, kusan na ruwan tumatur, ko da yake a baki ba za ka ji shi sosai ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, a nan kam ga wadda ta tsama shi, ga kuma dalilinta. Ƙwayoyin halittar da aikinsu ruɓar da matattun abubuwa ba sa iya aiki cikin tsami da sanyi da rashin iska. Sai ya zamana abin da ya mutu ba ya ruɓewa, danne shi kawai ake yi. Wannan dannannen tari, mai launin ruwan ƙasa a sama baƙi a can ƙasa, shi 'yan Istoniya ke kira turbas, Turawan Ingila su ce fit.

Saurin taruwarsa milimita ɗaya ne a shekara, ko kusa da haka. Kaurin farce ke nan. Mita ɗaya na buƙatar shekara dubu. A manyan rabobin Istoniya kaurinsa yakan kai mita biyar zuwa bakwai, akwai ma wani kwari a tuddan kudu maso gabashin ƙasar inda aka auna kimanin mita 17. Wanda ke tsaye a kan katakon Viru, abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya fara taruwa tun kafin Bagauda, tun kafin a san za a yi wani gari a gindin Dala. Kuma abin mamaki, raba ba rami ba ce, tudu ce. Tsakiyarta ta fi gefenta tsayi, kamar faifan da aka kifa. Ruwa ne ya hau sama ya zauna, gansakuka na riƙe da shi. A gandun Soomaa da ke kudu maso yammacin ƙasar, gefen rabar Kuresoo ya tashi kusan mita 8 sama da dajin da ke kewaye da ita, sai ka hau matakala kafin ka isa wurin da ya fi ko'ina jiƙewa. Hankalin mutumin Sahel ba ya karɓar wannan da sauƙi, mu da muka san ruwa da neman gangare.

Yanzu sai a dubi mazauna wurin. Bishiyar fayin da ka wuce a bakin hanya mai tsayin mita ashirin da wani abu, da wadda ke gabanka a tsakiyar raba da ba ta wuce kafaɗarka ba, iri ɗaya ne. Ta biyun ma tana iya girmar ta farkon da shekaru masu yawa. Tsumburewa ta yi. Saiwarta ba ta iya nutsawa don ƙasa ba iska, sai ta bazu a sama-sama, gansakuka kuma na biye da ita tana hawa gindinta a hankali har ta shaƙe ta. Shi ya sa za ka ga busassu tsaye nan da can, farare kamar ƙashi. Akwai wata ciyawa mai fitar da farin gashi a farkon bazararsu, idan ta yi yawa sai ka rantse gonar auduga ce a ƙasar Funtuwa. Akwai wani ɗan kurmi mai fararen furanni da suke kira sookail, ƙamshinsa mai ƙarfi ne, a rana mai zafi marar iska yakan sa wa mutum ciwon kai.

Wadda ta fi ba ni sha'awa sai ka durƙusa kafin ka gan ta. 'Yar ciyawa ce ja, ganyenta bai fi farcen ɗan yatsa ba, kewaye da gashi, kowane gashi da ɗigon ruwa mai ƙyalli a bakinsa kamar raɓar asuba. Ɗanko ne. Ƙaramin ƙwaro ya sauka ya sha, ƙafa ta maƙale, gashin ya lanƙwaso a hankali ya rufe shi, ganyen ya narkar da shi ya tsotse. Ba ƙeta ba ce, takin da ƙasa ta hana ta take nema a jikin ƙuda. Daga watan Satumba kuma sai wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami, kiranberi, su bazu a kan gansakukar kamar an watsa murjani. Mutanen ƙauye na shiga da bokiti su tsinto. Dokar ƙasar ta ba kowa damar yawo a daji da tsintar 'ya'yan itace da naman kaza ko da filin ba nasa ba ne, muddin ba a kafa alamar hani ba, ban da wasu sassan gandu da aka keɓe.

Kududdufan suna da suna nasu, laugas. Ruwansu kamar shayin da ba a sa wa madara ba, ya yi baƙi har yana mayar maka da hoton gajimare tamkar madubi. Kifi ba ya zama a yawancinsu, ba abin da zai ci. A Viru an yi wa ɗaya daga cikinsu dakali da tsani, masu ƙarfin hali na faɗawa su yi iyo. Sama-sama ruwan na da ɗumi a watan Yuli, ƙasa kuwa sanyi ƙarara, kuma bakin kududdufin ba gaɓa ba ce da za ka dafa ka fito, tabarmar gansakuka ce da ke yawo a kan ruwa. Wurin da ya fi haɗari ma ba kududdufin ba ne, shi kowa na ganinsa. Wasu wurare ne masu kore shar, sumul kamar darduma, da suke kira älves. Su ne ke haɗiye ƙafa har cinya.

Wannan hali na hana ruɓewa shi ya mayar da rabobin arewacin Turai wata irin ma'ajiya. A shekarar 1950 wasu masu yankan turbas don hura wuta a kusa da garin Silkeborg na ƙasar Denmak suka ci karo da gawar mutum, fuskarsa lafiya lau har da gashin gemun da ya fara tsirowa, da igiya a wuyansa. Suka kira 'yan sanda, a zatonsu kisan kwanan nan ne. Ashe mutumin ya shekara kusan 2,400 a kwance. Har abincinsa na ƙarshe an gano, fate ne na sha'ir da wasu 'ya'yan ciyayi da ɗan kifi. Duk wanda ya taɓa shiga majema ya ga yadda bagaruwa ke kama fata ta hana ta lalacewa, ya fahimci abin da ya faru: ruwan raba jima yake yi. A Ayalan manoma sun sha tono dunƙulen man shanu da aka binne shekaru dubbai. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma, da auduga ta yi ƙaranci, busasshiyar gansakukar nan aka riƙa ɗinkewa cikin ƙyalle ana ɗaure wa sojoji rauni da ita, don ta fi auduga shan jini, tsaminta kuma na rage ruɓewar ciwo.

Daga kan hasumiyar katako da ke tsakiyar hanyar Viru ake gane cewa raba da daji abu ɗaya ne mai fuska biyu. Kana hango yadda dajin ya yi mata zobe, da tsibiran ƙasa mai tauri a cikinta inda dogayen bishiyoyi suka yi cincirindo. Namun dajin na amfani da duka biyun. Akwai wani ƙaton dangin barewa mai faffaɗan ƙaho da ya fi doki tsayi, akwai beyar, akwai wani babban muzurun daji mai guntun wutsiya, akwai kyarkeci, wanda Istoniya ta zaɓa ya zama dabbar ƙasa a 2018. Kada dai mai ziyara ya sa rai da ganinsu, sun riga shi jin motsi. Sawu da kashi da bishiyar da aka ɓare wa ɓawo, su ne rabonsa. Mai son ganin yadda daji ke zama idan an ƙyale shi sai ya ƙarasa Oandu, duk a cikin Lahemaa, inda bishiyar da ta faɗi ba mai ɗauke ta, tana nan tana ruɓewa ƙananan na tsirowa a bayanta. Ga mutumin da ya tashi inda ko kara ba a bari a gona, ganin itacen girki na shekara goma yashe a ƙasa yana da ɗan ciwo, ban ɓoye ba.

Tsibiran nan sun ɓoye mutane ma. Tun zamanin da, idan yaƙi ya taso, ƙauyawa kan gudu cikin raba ta hanyoyin da su kaɗai suka sani, wasu an shimfiɗa musu itace a ƙarƙashin gansakuka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mazan da suka ƙi miƙa wuya ga mulkin Tarayyar Sobiyet, waɗanda ake kira 'Yan'uwan Daji, a irin waɗannan wurare suka haƙa maɓoya suka shekara da shekaru. Da hunturu kuma, idan komai ya daskare, raba kan zama babbar hanya, a ratsa ta da keken doki mai jan ƙasa a yanke tafiyar kwana guda.

To ga inda maganar ke rikicewa. Fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Istoniya turbas ne, a ƙasar da girmanta bai fi na jihar Yobe ba, mutanenta kuma miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da 'yan kai. Ga manomin ƙarni na 19 da ga mai tsara tattalin arzikin Sobiyet, wannan asara ce zalla: ƙasa ga ta ga ta, ba noma ba kiwo. Maganin kuwa mai sauƙi ne, a haƙa lambatu ruwa ya tsiyaye. Daga shekarun 1950 aka shigo da manyan injuna aka yi ta tsaga ƙasar da magudanai, wani wuri don gona, wani don a shuka bishiyar katako, wani don a kankare turbas ɗin a ƙona a tashar wuta ko a shimfiɗa wa shanu. Mafi yawan dausayin ƙasar an taɓa shi ta wannan hanya. Kada a yi saurin zagin waɗanda suka yi aikin. Mutanen da suka san yunwa ne, kuma a lissafin zamaninsu daidai suka yi.

A ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 aka yi wata muhawara a mujallar Eesti Loodus wadda 'yan ƙasar ke kira yaƙin dausayi har yau. Masana irin su Viktor Masing suka tsaya a kan cewa raba ba ƙasar banza ba ce, rumbun ruwa ce, kuma bishiyar da za a shuka a tsakiyarta ba za ta taɓa biyan kuɗin lambatun ba. A ƙarƙashin mulkin da ba a saba ja da shi ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sun yi nasara gwargwado: a 1981 aka keɓe dausayi kusan talatin aka hana taɓa su. Shi kansa Lahemaa an kafa shi a 1971, shi ne gandun ƙasa na farko a duk faɗin Tarayyar Sobiyet, girmansa ya haura murabba'in kilomita 700, kusan sulusinsa teku. Wani abin dariya, tsaron iyaka ma ya taimaka, don gaɓar tekun yankin soja ce da ba kowa ke shiga ba, sai daji ya samu sararin numfashi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a yau, su Masing ba ita suka sa a gaba ba. Kowace ciyawa na zuƙar iskar kabon tana gina jikinta da ita, idan ta ruɓe ta mayar. A raba ba a mayarwa, ajiyewa ake yi. Ƙasar turbas ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari na doron ƙasa ba, amma kabon da ke kwance a cikinta ya fi na dukkan bishiyoyin dazuzzukan duniya a haɗe. Ranar da aka haƙa lambatu ruwa ya sauka, iska ta shiga, sai ruɓewar da aka dakatar shekaru dubbai ta tashi daga barci. Ƙasar ta riƙa lotsawa tana bin iska. Dausayin da aka busar a duniya na fitar da kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na hayaƙin da ɗan Adam ke jawowa a shekara, ba tare da an ga ko bututu ɗaya ba. Idan kuma wuta ta kama busasshen turbas, ta ƙarƙashin ƙasa take ci kamar wutar ƙaiƙayi, ta yi makonni ba a gan ta ba. Ita ce ta turnuƙe Mosko da hayaƙi a 2010, ita ce ta shaƙe Indunusiya da maƙwabtanta a 2015.

Ba Istoniya kaɗai ta yi wannan tuntuɓe ba. A arewacin Sikotlan akwai wani makeken dausayi da ake kira Flow Country, inda a shekarun 1980 attajirai suka yi ta huɗa shi suna shuka bishiyoyi saboda rangwamen haraji, har aka soke rangwamen a 1988. Yau kuɗi ake kashewa ana sare bishiyoyin ana toshe lambatun, a 2024 kuma UNESCO ta sa wurin cikin wuraren gadon duniya. Afirka ma na da nata kason: a 2017 aka bayyana cewa a tsakiyar kwarin Kwango akwai turbas mai faɗin murabba'in kilomita kusan 145,000 ƙarƙashin daji, ɗauke da tan biliyan 30 na kabon.

Sai dai kada hoton katakon Viru ya ruɗe ka ka ɗauka an gama magana. Istoniya na cikin manyan masu fitar da turbas zuwa kasuwar duniya har gobe. Buhunan baƙar ƙasar da ake rainon tumatur da furanni da ita a gidajen gilashi na Holan da sauran ƙasashe, da yawansu daga yankin Baltik, inda Istoniya take, suke fitowa. Aiki ne ga mutanen karkara, kuɗin shiga ne ga ƙasa, kuma har yanzu ba a samu abin da ya kai shi arha da kyau wajen rainon shuka ba. Gyaran ma na da masu adawa. Idan aka toshe lambatu ruwa ya dawo, dajin da ya tsiro a wurin cikin shekara hamsin zai mutu a tsaye. Mutumin ƙauyen da ya tashi ya ga daji, yana tsintar naman kaza a ciki, sai a ce masa za a kashe shi don kare muhalli. Ka ce ya yi murna? Ga kuma wata: dausayin da aka mayar wa ruwa yakan fitar da iskar misen a shekarun farko, ita ma mai ɗumama duniya ce, sai a dogon zango ribar ke fitowa. A ganina masu gyaran sun fi gaskiya, amma suna yawan magana da lissafin shekara ɗari ga mutanen da ke lissafin bana.

Akwai zare ɗaya da ya haɗa wurin nan da mu, kuma fuka-fuki gare shi. Wani ɗan tsuntsun bakin ruwa mai dogayen ƙafafu da zane-zane a baya, mudatilder a bakin 'yan Istoniya, a irin waɗannan rabobi yake ƙwai a watan Mayu da Yuni. Sanyi na kawo kai sai ya tsallake Bahar Rum da Sahara. Irinsa na cikin tsuntsayen da ke cika dausayin Haɗeja da Nguru a lokacin hunturunmu. Yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971 ta shafi wuraren biyu: Soomaa na cikin jerinta, tafkin Nguru kuma shi ne wuri na farko da Najeriya ta sa a shekarar 2000. Tsuntsun na buƙatar fadamar yunwa don haihuwa, da fadamar ƙoshi don kiwo. Ko wacce aka busar, shi dai ya shiga uku.

Ga mai niyyar zuwa, lokaci ne kan gaba. Ƙarshen Agusta zuwa Oktoba ya fi daɗi: sauro ya ragu, gansakuka ta yi ja, hazo na kwanciya a kan kududdufai da sassafe, ana jin kukan wani dangin gauraka mai launin toka yana haramar ƙaura. A watan Yuni rana na yin sama da awa 18 a sama, duhun kirki ba ya shiga sam, don haka Musulmi ya nemi bayanin yadda masallacin Talin ke ƙaddara Isha da Asuba tun kafin ya tashi. A Disamba kuwa hasken bai fi awa shida ba, Azahar da La'asar da Magariba na bin juna kamar ana kora su. Mai zuwa Soomaa a ƙarshen Maris ko Afrilu zai tarar da abin da suke kira yanayi na biyar, lokacin da ƙanƙara ke narkewa koguna su cika daji har a riƙa yawo da kwalekwale tsakanin bishiyoyi. Kwalekwalen gargajiyarsu na gungume ɗaya, haabjas, ya shiga jerin UNESCO a 2021. Abin tsoro a dajin ba beyar ba ne, kaska ce, tana ɗauke da cutar da kan taɓa ƙwaƙwalwa, don haka a sa dogon wando a cusa cikin safa, a kuma duba jiki da yamma. Wuta sai a inda hukumar gandun daji ta RMK ta tanada. Sauka daga katako kuma, ban da haɗarinsa, sawun ƙafa ɗaya a kan gansakuka yakan daɗe bai cike ba. Masu son shiga ciki sosai kan bi ɗan jagora su ɗaura wasu faffaɗan takalma kamar faifai, su ma akan dakata da su a lokacin da tsuntsaye ke kwanci.

Wani ɓangare na Viru ɗin kansa an taɓa kankare shi a zamanin Sobiyet, daga baya aka watsar. Yana nan gefe, kuma ya cancanci a tsaya a dube shi fiye da kududdufan da kowa ke ɗaukar hoto. Shekaru bayan injuna sun tafi, filin ya zauna tsirara, baƙi, rana ta gasa shi da rani, sanyi ya tsattsage shi da hunturu, ba abin da ya iya kama ƙasa. Sai da aka zo aka toshe magudanan, aka yanko gansakuka mai rai daga wani wuri aka watsa, aka rufe ta da tattaka don kada ta bushe. Ciyawar auduga ce ta fara dawowa, dunƙule-dunƙule. A inuwarta gansakukar ta fara kamawa, nan kore can ja, da faɗin tafin hannu. Har yanzu daga sama ana gane layukan lambatun, miƙaƙƙu kamar an ja su da rula, a wurin da babu wani abu miƙaƙƙe.